Yadda Inna Ta Koyi Sunana

Inna ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma a unguwarmu ta Gude ita ake ba wa sallahu. Ranar kasuwar Gwarzo, kafin ta ɗora ƙwaryar nono a ka, sai ta bi gidajen maƙwabta tana sallama. Wannan ta ce kanwa da daddawa, waccan ta ce baƙin zare da allura, wata kuma ta ce in an gamu da ƙanwarta mai aure a Madadi a gaya mata jikin yaron ya yi sauƙi. Da yamma Inna za ta dawo da komai, ba ta taɓa kai kayan wata gidan wata ba.

Tana da dabarunta. Duk abin da aka faɗa mata sai ta maimaita wa mai shi da ƙarfi: "Kin ce kanwa da daddawa." Takan ce abin da kunne kaɗai ya ji baƙo ne, sai ya bi ta baki yake zama ɗan gida. Daga nan ta ba kowace mace yatsa guda, kowane saƙo kuma gaɓa guda. In ta zo tsallake rafi ta bi yatsun da babban yatsanta, in ta hango bakin kasuwa ta sake bi. Ranar da saƙo ya fi yatsu yawa, sai ta zuba shi cikin waƙar daka, ta yi ta rera shi ƙasa-ƙasa har ta isa.

Ni ce 'yar farinta. Iyayenmu asalinsu makiyaya ne, noma ya zaunar da su, amma kunyar ɗan fari ba ta bar su ba. Kakata ce ya kamata ta riƙe ni, sai ta rasu ba a daɗe da yaye ni ba, don haka na tashi a ɗakin uwar da ba ta kiran sunana. In tana nemana sai ta ce "ke", ko ta ce da ƙanena, "Kira waccan." Na taɓa ɓuya bayan rumbu tun hantsi har azahar don in ga ko dole za ta sa ta kira ni. Ƙanena ta aiko.

Ko koyarwa ma ta bayan fage take yi mini. Ina aji biyar aka ce mu haddace jihohi da manyan biranensu. Na zauna a tsakar gida ina ta fama, in na kama na farko na ƙarshe ya zube. Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, sai ta ce da ƙanena, wanda ko makarantar ba a sa shi ba:

"Kai, in abu ya yi maka yawa, raba shi gidajen unguwa. Kowane zaure ka ajiye ɗaya. Gobe ka bi layi kana karɓa."

Yaron ya buɗe baki yana kallonta. Ni kuwa na ajiye Sakkwato a zauren liman, na kai Maiduguri gidan mai ƙosai, na bi unguwa kaf a cikin kaina. Washegari ban faɗi ko ɗaya ba. Da wannan dabarar na gama makarantar horon malamai, na zama malamar firamare a Kabo, inda na yi aure. Har yau ita nake koya wa 'yan ajina.

Bara, da kaka, Inna tana tsinkar gyaɗa a tsakar gida sai ta kife. Ƙanena ya kira ni a waya, muka haɗu a asibiti a Gwarzo. Likita ya ce hawan jini ne, ya shanye mata ɓarin dama, ya kuma taɓa magana. Ya ce mu yawaita yi mata hira, mu riƙa maimaita mata kalmomi, wasu za su dawo in Allah ya so.

Da aka sallame ta na roƙi maigidana in kawo ta wurinmu, ya ce ai ba sai na roƙa ba. Matar da a da ko ruwa ba ta sha a gidan surukinta, aka shigo da ita ba ta yi gardama ba. Na ɗauka ciwo ne ya sa ta haƙura.

Kalmominta sun watse. Za ta nuna buta ta ce, "Abin nan… abin nan," har hawaye ya zo mata. Abin da ya fi ƙona mata rai salla. Takan fara Fatiha a zaune, ta kai tsakiya ta tsaya cak, ta yi ta kallon tabarma.

Sai na juyo da dabarunta na fara mayar mata. Bayan asuba, kafin in tafi makaranta, da kuma bayan la'asar, nakan zauna gabanta in kama hannunta na hagu mai lafiya. In ce "buta", in taɓa gaɓa, ta ce "buta". In ce "ruwa", ta ce "ruwa". Kafin yamma rabinsu sun gudu, mu sake. Daga baya na lura abin da bakinta ya kasa faɗa yana fita in an rera shi. Fatiha ma da na ja mata ita da muryar karatu, ta bi ni har ƙarshe. Ranar da ta kai "amin" ita kaɗai, ta yi dariya da rabin bakinta, ni ma na yi.

Muka zo kan sunayen mutanen gida. Na raba wa jikokinta yatsu, na ba ƙanena ɗaya. Babban yatsa ya rage. Na riƙe shi jim, sannan na faɗi sunana.

Ta faɗa.

Haka kawai ta faɗa, kamar yadda ta ce buta. Na ce ta sake, ta sake. Na haura shekara arba'in a duniya, ranar na fara jin sunana a bakin uwata. Na tashi na shiga madafa na tsaya gaban murhu ina kuka, ina murna. Cikin 'yan kwanaki ya zauna mata daram, ya fi na kowa zama. Daga ɗaki take ƙwalla mini kira, ni kuma ina sane nake jinkirin amsawa don ta ƙara.

Wata rana maƙwabciyata ta shigo dubiya. Bayan gaisuwa ta nuna ni ta ce, "Inna, kin gane wannan kuwa?"

Inna ta taɓa babban yatsanta, ta faɗi sunana. Sannan ta ƙara, tana jan kalmomin ɗaya bayan ɗaya:

"Yarinyar kirki. Tana… kula da ni. 'Yar wane gida ce?"

Maƙwabciyata ta kalle ni, ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na ce bari in duba tukunya, alhali ban ɗora komai ba.

Ashe shi ya sa. Ba kunyar ce ta sake ta ba, ni ce ta ɓace mata. Ta san tana da 'yar fari, sai dai ba ta san ita ce ke yi mata wanka ba. Bayan kwana biyu ina shafa mata man zafi a ƙafa ta ce:

"Waccan ba ta zo ba."

"Wa, Inna?"

"Waccan. Ta Kabo."

"Ta zo, Inna. Kullum tana nan."

Ta girgiza kai. "Aiki. Makaranta. Kar a… kar a ga laifinta."

Na ci gaba da shafawa. Na zaci ta yi barci, sai ta jawo mayafina, ta rage murya kamar mai tsegumi.

"Tana da kai, waccan. Tun tana ƙarama. In na yi wa ƙanen magana, ita ke ɗauka." Ta huta. "Ta taɓa ɓuya… bayan rumbu. Ina ganin ƙafarta. Na so in kira." Ta matse mini hannu. "Kar ki gaya mata."

Na ce, "Ba zan gaya mata ba, Inna."

Na gwada duk abin da na sani don in haɗa mata sunan da 'yar. Na sa shi a waƙa. Na bi da ita gidajen Gude da baki, zaure bayan zaure, har ɗakinta, na ce wa ke kwance a nan kusa da ƙofa? Ta ce, "Waccan." Na ce to ni ce. Ta yi murmushi irin na wanda aka yi wa wasa, ta shafa kaina.

Sau ɗaya kawai abin ya juya. Wata safiya muna bin yatsu, ta wuce jikoki, ta wuce ƙanena, ta zo kan babban yatsa ta tsaya. Na buɗe baki zan taya ta, sai na ga ba mantuwa ba ce. Ta kalle ni, ta kalli ɗakin, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta kau da kai.

"Ke," ta ce, "ba ni ruwa."

Na kawo mata. Ta karɓa ba ta dube ni ba. Ta tambayi gidan wa take, da na faɗa ta ce a kira ƙanena ya zo ya mayar da ita Gude, ba ta kwana gidan suruki. Ranar ban je makaranta ba. Na zauna bakin ƙofa, tana ciki, ba mai ce wa wani komai, kuma ban taɓa jin daɗin zama irin wannan ba. Da aka kira azahar ta ɗan yi barci. Da ta farka ta ƙwalla kiran sunana.

Ciwon ya sake bugun ta da bazara. Wannan karon ba ta ƙara magana ba, ta kwana biyu a asibiti Allah ya karɓi abarsa. A Gude aka yi mata sutura, aka kai ta kusa da kabarin Baba.

Da aka zo rabon abin da ta bari, na ce a sa akuyarta ja cikin rabona. Muka kawo ta Kabo a bayan babur, na ɗaure ta gindin darbejiya, na zuba mata dusa da harawa. Ta ƙi ci. Ta yi ta kuka tana jan igiya har wuyanta ya saɓule. Da maigidana ya ga tana ramewa, ya ce in yi haƙuri, ya sake ɗora ta a babur ya mayar wa ƙanena. An ce tana isa ta shige garke ta hau cin abinci. Da damina ta haifi 'ya'ya biyu, ban je na gani ba tukuna.