Ranar da Janaretanmu Ya Haska Maƙwabta

Shekarun baya, ina aji ɗaya a sakandare, mahaifina ya sa injin jan ruwa a rijiyar gidanmu a Kafanchan. Na yi murna kamar an saya mini mota, domin duk gidan ni ne bawan guga.

Wata Asabar zumuntar mata ta faɗo kan mahaifiyata. Mata cike da coci za su zo da yamma, ga acca tana jiran wanki, tanki ƙayau, wuta kuma babu.

Baba ya jawo janareta. Maimakon ya haɗa shi da injin kai tsaye, sai ya soka wayarsa a soket ɗin falo, wai duk hanya ɗaya ce. Na ja igiya, ya tashi. Injin ya fara gurnani ke nan, sai yaran maƙwabta suka ɓarke da ihu: "An kawo wuta!"

"Kashe, kashe!" in ji Baba. "Fetur ba ruwan rijiya ba ne."

Na kashe. Ɗif, wuta ta ɗauke. Maƙwabta suka yi tsaki tare kamar mawaƙan coci.

Na sake tayarwa. "An kawo wuta!" Na kashe. Ta tafi. Na dubi Baba, Baba ya dubi sama.

"Baban yara," in ji Mama, "ni ruwa nake so, ba kallon sama ba."

A karo na gaba Baba ya ce a bar shi, ko an kawo ko ba a kawo ba. Janareta ya yi ta nishi, ya yi tari irin na tsohon jaki, ya fesa hayaƙi, ya mutu. Sai ga maƙwabcinmu ya leƙo, riƙe da riga rabinta a goge.

"Maƙwabci, kai da wutan nan kuna gaba ne? Kana tayarwa yana zuwa, kana kashewa yana gudu."

Baba ya bi wayar da ido daga soket zuwa mita, daga mita zuwa falwayar da muke tarayya da maƙwabta. Ashe mu ne masu kawo wutar. Duk dutsen guga da firjin da aka jona, ɗan janaretanmu ne ya ɗauka.

Ni dariya ta kama ni, amma Baba bai yi ba. A hankali ya ce, "Da wani yana gyara a kan falwayan nan fa?"

A ranar, da guga na cika tukwanen Mama, hannuna har ya ƙara tsawo. Daga baya muka kira mai gyara ya sa makunnin da ke raba wutar gida da ta layi, kuma Baba ba ya yarda kowa ya ja igiya sai ya duba shi da kansa.

Har yau ban gama fahimtar yadda wuta ke tafiya da baya ba. Maƙwabcinmu ma bai fahimta ba. Kullum ƙorafinsa ɗaya: tun da muka kira mai gyara, wutar unguwa ta lalace.