Daɓen da Na Fasa Don Kada Matata Ta Dawo

Shekarar da aka haifa mini 'yata ta fari, na sa an fasa daɓen simintin ɗakin matata, daɓen da bai cika shekara biyu ba, ko tsagewa ɗaya babu a jikinsa. Maginin da na kira ya durƙusa ya shafa shi da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can, sannan ya ɗago ya dube ni kamar wanda ya ga mai taɓin hankali. Na ce masa sanyi yake tsatsafowa daga ƙasa, kuma jaririya za a kawo. Ya ce to, ai ɗakina ne. Har yau yana ba da labarin a unguwarmu a Gaya ana dariya, bai san dalilin ba.

Matata ta tafi gidansu a Toranke goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ta sauka lafiya, aka yi suna, ta ci gaba da wankan jego a hannun gwaggonta, wata dattijuwa mai kaifin baki wadda ita ta riƙe ta tun tana ƙarama. Ni kuwa ina aiki a sashen gona na ƙaramar hukumar Ajingi, kullum in hau babur daga Gaya da safe in dawo da yamma. Ran Juma'a in biya Toranke in gaishe su.

Sati biyu bayan suna aka tura mu bita Kano ta kwana uku. A can na haɗu da wata mata, muka yi hira, hirar ta kai inda bai kamata ba. Zina na yi, sau ɗaya, ba tare da wata kariya ba. Ba zan ɗora wa Shaiɗan ba, domin da ƙafata na je, ita ma ba zan ɗora mata ba, don ban san komai game da rayuwarta ba, ballantana lafiyarta. Wannan rashin sanin shi ne ya dawo yana cina daga baya.

A hanyar dawowa na tsaya a wani kemis na sayi kafso, irin wanda samari suke cewa a majalisa yana wanke komai idan an sha da wuri. Na shanye, na yi ta istigfari, na ɗauka magana ta wuce. Bayan kamar kwana goma sai zazzaɓi ya rufe ni, maƙogwaro ya kama ciwo. Ƙarshen damina ne, sauro ya yi yawa, rabin ofishinmu suna fama da zazzaɓi. Kowa nasa na cizon sauro ne, amma ni nan take zuciyata ta ce ƙanjamau ne.

Daga ranar ban ƙara samun natsuwa ba. Na zama likitan kaina a waya, duk alamar da na karanta sai in laluba in same ta a jikina. In tsaya gaban madubi in zaro harshe ina dubawa. A sito ɗin ofis akwai sikelin da muke auna irin gyaɗa da shi, sai na riƙa faƙar ido in hau, kuma kullum nauyi raguwa yake, tunda ba na iya cin abinci. Ba mutuwata ce ta fi tayar mini da hankali ba. Matata nake tunani, da yarinyar da take shan nononta. Arba'in tana matsowa, za a dawo mini da su, in kuwa akwai abin a jinina, da hannuna zan miƙa musu.

Ran Juma'a idan na je Toranke aka miƙo mini jaririya, sai in noƙe hannu in ce ta yi barcinta kawai. Tsoro nake kada numfashina ko gumina ya taɓa ta. Gwaggo kuwa sai ta ɗauka kunyar 'yar fari nake yi, ta riƙa yabona a gaban mata.

"Kun ga yaron nan, akwai kunya irin ta mutanen da. Na yanzu kuwa sai ka ga sun saɓa ɗan fari a kafaɗa suna yawo da shi a kasuwa."

Ina zaune a kan tabarma kaina a sunkuye, ana yaba tarbiyyata, ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Saura kwana huɗu arba'in na rasa mafita, shi ne na kira magini. Na aika wa Gwaggo cewa ana gyaran ɗaki, a ƙara haƙuri. Na ja aikin iyakar iyawata. Yau in ce yashi bai yi kyau ba, gobe in ce a bari sai sabon siminti ya iso. Da aka zuba kuma na ce sai ya sha ruwa sosai ya bushe ƙarau.

Gwaji kuwa na san shi ne magani, amma ina zan je? A Gaya, wanda yake ɗibar jini sahu ɗaya muke sallah da shi. A Ajingi kuwa ko mai sayar da rake ya san inda nake aiki. Sai da na yi sati biyar da abin a raina kafin wata Talata na ajiye babur a tasha, na shiga motar Kano, na sauka a wani asibiti inda babu wanda ya san ni. Har da hula daban na sa, irin wadda ba na sawa, sai ka ce hula ce take nuna mutum.

Wadda ta karɓe ni wata ma'aikaciyar lafiya ce da ta manyanta, da tabarau a kan hanci. Ta rufe ƙofa, ta ce in faɗa mata yaushe abin ya faru. Ba ta tambaye ni ko wace ce matar ba, ba ta kuma yi mini wa'azi ba, duk da na shirya shansa. Da na ba ta labarin kafso sai ta cire tabarau.

"Malam, wannan kafson ba ruwansa da wannan cuta. Akwai maganin da ake bayarwa a asibiti idan mutum ya zo cikin kwana uku, ana shan sa wata guda, yana karewa sosai. Da nan ka fara zuwa, da ka rage wa kanka wahala."

Na ji haushin kaina ƙwarai. A kwanakin ukun nan ina cikin Kano, asibitoci ko'ina, amma na zaɓi ilimin majalisa.

Ta soki yatsata, ta ɗiga jinin a wani ɗan abu kamar tsinken gwajin ciki, muka zauna jira. A cikin jiran nan ta gaya mini cewa ɗaukar jaririya ko cin abinci kwano ɗaya ba ya yaɗa cutar, kuma ko da an samu, yanzu akwai magani, mutane suna sha suna noma, suna aure, suna haihuwar 'ya'ya lafiyayyu. Na ji maganar amma idona yana kan tsinken. Ta duba, ta ce ba a ga komai ba. Kafin in gama hamdala ta ɗaga mini hannu.

"Alama ce mai kyau, amma irin wannan gwajin sai an cika wata uku ake tabbatarwa. Ka dawo. Kafin nan ka kare iyalinka, ko ka ƙaurace ko ka yi amfani da kwaroron roba, musamman tunda tana shayarwa."

Na ce, "Hajiya, in ta tambaye ni dalili fa?"

Ta ce, "Wannan kuma ba a ɗakin gwaji ake samun amsarsa ba."

Na dawo gida rabin nauyin ya sauka. Juma'ar da ta biyo baya na karɓi 'yata na rungume, karo na farko tun ranar suna, na daɗe ina shinshina kanta. Gwaggo ta ce ashe kunyar tawa ma ta ɗan lokaci ce.

Sai dai haƙurin Gwaggo ya ƙare. Wata Asabar da hantsi sai ga a-daidaita-sahu a ƙofar gida, da mai jego, da jaririya, da buhun gero da tulun man gyaɗa. Gwaggo ta leƙa ɗakin, ta taka daɓen da ƙafa, ta ce ko masallacin Juma'a ake ginawa ai ya isa a gama. Ta ce mutane sun fara tambaya ko wani abu ne ya faru tsakaninmu. Ta sha ruwa, ta yi mana nasiha, ta koma Toranke kafin azahar. Saura sati biyar wata ukun ya cika.

Da zan iya fakewa da al'adar da, ta ƙaurace wa mai shayarwa har sai an yaye, amma matata ta san ni, ta san ba ni da wannan ra'ayin. Kwana shida ina kame-kame, yau ciwon baya, gobe gajiyar aiki. Ran na bakwai bayan la'asar, tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti, yarinya tana barci a gefenta, sai ta ce ba tare da ta ɗago ba:

"Yaya, ni ce na canza maka, ko wani laifi na yi? In ƙamshin jego ne bai sake ni ba, ka faɗa mini."

A nan ne na ga abin da nake yi mata. Ina ƙoƙarin kare jininta, amma na bar ta tana zargin kanta da laifin da ni na aikata. Na zauna a kan turmi na faɗa mata duka, tun daga bita har zuwa daɓe. Ban rage komai ba.

Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ajiye farantin, ta ɗauki yarinya ta shiga ɗaki ta tura ƙofa. Na jira in ji ta ce in kai ta Toranke, kuma da ta ce haka ba ni da bakin magana. Ba ta ce ba. Kwanaki suka yi ta wucewa, tana dafa abinci ta ajiye mini a rufe, gaisuwa kawai take haɗa mu. Na fi son a ce zagina ta yi. Ban taɓa jin kunyar wani mahaluƙi kamar yadda na ji tata a makonnin nan ba.

Ranar da wata uku ya cika, na fito da safe zan tafi, sai na tarar da ita a zaure ta sa hijabi, ta goya yarinya.

"Tare za mu je," in ji ta. "Ba zan ji a bakinka ba, da idona zan gani. Ni ma kuma a gwada ni."

Ma'aikaciyar nan ta gane ni. Ta dubi matata, ta dube ni, ta jawo mata kujera mafi kyau a ɗakin. Aka soki yatsunmu, aka jera tsinke biyu a kan tebur. Yarinya ta farka tana kuka, matata ta juya baya ta ba ta nono, ni kuwa na kasa kallonsu. Da lokaci ya cika ma'aikaciyar ta ce mu matso. Ta nuna wa matata nata, ta nuna mata nawa, ta yi mata bayanin yadda ake karantawa. Babu komai, mu duka biyun. Na sa fuskata cikin hannuwana na yi kuka sosai, ni da nake cika bakin ba na kuka ko a wajen jana'iza.

Muna cikin motar dawowa, har mun kusa Gaya. Gonaki duk an girbe, an jera dammunan dawa a bakin hanya. Sai matata ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda sauran fasinjoji ba za su ji ba.

"Jininka ya fita, na gode wa Allah. Zuciyata kuwa ba ta fita ba tukuna, kada ka yi mini gaggawa. Amma da ka yi shiru ka zo mini a haka, da ko yau aka ce lafiya ƙalau kake, ba zan ƙara zama da kai ba."

Na ce na ji. Da muka sauka a tasha, ta gyara goyonta, ta tsaya tana jira in tayar da babur, sannan ta hau bayana muka nufi gida.