Inda Taraktar Kawu Take Tsayawa

Kawuna mutum ne da ba ya gaggawar komai, har da amsa gaisuwa. Ka ce masa ina kwana, sai ya dubi sama tukuna, kamar can aka rubuta amsar. Shekara arba'in yana noma da tarakta ɗaya, irin ta da mai shan fetur, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Ni ɗan ƙanwarsa ne, bakanike, kuma haƙuri ba ya cikin kayan aikina. Injiniya yake kirana, har yau ban gane ko yabo ne ko tsiya ba.

Matarsa, Inna, ta rasu bara bayan girbi. Da tana raye, kullum da hantsi takan kai masa abinci gona, ta tsaya gindin mangwaron da ke tsakiya ta ɗaga hannu, shi kuma ya kashe inji. Duk zamansu tana mitar launin taraktar nan. Ja ne da ya koɗe, ta ce kamar tsohon bokiti, ita shuɗi take so. Kullum amsarsa ɗaya: "Baɗi." Wata biyu da rasuwarta ya sayo fenti, ya shafe taraktar da hannunsa, shafi uku, ko sitiyari bai tsira ba. Amma gindin mangwaron bai ƙara zama ba. In ya zo wucewa, sai ya kau da kai.

Da ya fara gyaran gona bana, tarakta ta tsiro da sabon hali. Takan tashi lafiya, ta ci hanya, ta shiga gona, sai ta yi tari biyu ta mutu. Ba a ko'ina ba, in ji Kawu, sai daidai mangwaron. Ya sauka ya zauna ɗan lokaci, ya hau, ta tashi kamar ba ita ba.

"Kawu, ba ta taɓa mutuwa a wani wurin ba?"

"Takan yi," in ji shi. "Amma wannan gajiya ce kawai."

Babban ɗansa, wanda muke kira Yaya, ya zo daga birni ya yanke hukunci a tsaye, ko takalmi bai cire ba. In ruwa ya sauka taraktar ba ta gyaru ba, masu sayen ƙarfe za su ɗauke ta, Kawu kuma ya koma wurinsa. Na san ɗakin da aka tanadar masa, a hawa na uku, tagarsa na kallon bangon maƙwabta. Mutumin da sai ya dubi sama yake amsa gaisuwa! Abin ya tsaya min a rai.

Na jawo ta gareji. Na kwance kabureta na wanke sau biyu. Na canza filogi, na canza filta, na zubar da dattin da ya kwanta a 'yar kwalbar da ke ƙarƙashin tanki. Na hura tiyo da baki har kwana uku duk abin da na ci fetur nake ji. Na cire murfin tanki na ajiye a kan benci don in riƙa leƙa mai, na bar ta tana aiki awa guda cur, ko atishawa ba ta yi ba. Na mayar masa ina fankama. Washegari ta mutu a gindin mangwaro. Wallahi sai da na zage ta, ita da wanda ya ƙera ta.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, saura kwanaki. Na ce, "Kawu, gobe tare za mu."

Da safe ya cika tanki fal, kamar yadda ya saba, ya ɗaure murfi tamau. Na ɗare gefensa a kan murfin taya. Tafiyar Kawu ba tuƙi ba ce, lilo ce. Gonaki suna wucewa a hankali, ƙasa na ƙamshin ruwan da bai zo ba tukuna, balbelu suna bin garma kamar an gayyace su. Ƙarar injin ta shiga jikina har na fara gyangyaɗi, ina ganin Inna can nesa da kwano a kai, tana tafe ba ta isowa. Tari biyu ne suka farkar da ni. Inuwar mangwaro na kanmu.

Kawu ya sauka, ya murɗe murfin tanki don ya leƙa mai. Sai na ji fuuu, iska ta faɗa ciki.

"Ka ji ko?" ya ce. "Kullum sai ta yi wannan ajiyar zuciyar."

Ya miƙo min murfin, ya je ya zauna a kan saiwa, yana magana ƙasa-ƙasa, ba da ni ba. Na juya murfin a hannuna. Kowane murfin tanki yana da 'yar huda, kamar kan allura, inda iska ke shiga ta maye gurbin man da ya fita. Babu ita. Shuɗin fenti shafi uku ya rufe ta ruf. Mai na sauka, iska ba ta shiga, sai tanki ya riƙe sauran ya hana kabureta. Daga gida zuwa bishiyar nan, da cikakken tanki, shi ne iyakar numfashinta.

Mako biyu na wahala, maganinsa tsinken waya. Ya kamata in yi dariya, amma tausayi ne ya kama ni. Na daɗe tsaye da murfin a hannu kafin na je na durƙusa na yi masa bayani.

Ya karɓi murfin, ya shafa shuɗin da babban yatsa. Ya dubi sama, ya daɗe.

"Huda, Injiniya."

Na huda. Ya hau shi kaɗai, ni na tsaya a inuwa. Ya kai ƙarshen gona, ya juyo, ya sake komawa, inji na tafiya sumul. Na ciro waya ina neman lambar Yaya. A zagaye na huɗu ya zo daidai mangwaron, sai na ji shiru. Na ruga ina ihu, "Kawu, ta sake?"

Yana zaune, makulli a hannunsa.

"Lafiyarta lau," ya ce. "Ni na kashe. Hantsi ya yi."

Ya sauko a hankali, ya zauna a kan saiwar, ya matsa gefe ya bar wurin mutum ɗaya. Na san ba ni ya bar wa ba, sai na zauna a ƙasa.