Wasiƙun da Injiniya Ya Ciro Mini

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Talata, sha huɗu ga wata, da hantsi, aka bugo waya ofis cewa Injiniya, mai gyara mana kwamfutoci, ya rasu bayan jinyar kwana shida. Na buɗe littafin da nake rubuta al'amuran kullum, na sa rana da lokaci. 

Injiniya, shekara tara muna aiki a bene ɗaya. Ɗakinka ba taga, sai fanka da tarin wayoyi, amma ban taɓa shiga ka bar ni a tsaye ba. Kai ka fahimtar da ni cewa manhajar da nake karanta imel da ita kwaso wasiƙu take daga can inda suke sauka, ta zuba su a fayil guda cikin injina, sannan ta goge na can. Ka ƙwanƙwasa akwatin da ke ƙarƙashin teburina, ka ce, "Akawu, duk wasiƙunka a nan suke. Ranar da ya mutu, sun mutu. Kawo mu kwafe."

Na ce gobe. Na duba littafina: sau huɗu ka faɗa, sau huɗu na rubuta gobe. Har ka laƙaba mini Malam Gobe, ina dariya.

Ban gaya maka abin da ke cikin fayil ɗin ba sai ranar da injin ya yi ƙara ya ɗauke. Wasiƙun marigayiya matata ne, waɗanda ta aiko mini daga gadon asibiti. Babu su a ko'ina kuma. Na yi wa 'yarmu alkawarin in ta iya karatu za ta karanta su da kanta. Ba ka yi mini gori ba. Ka cire faifan ajiyar da ke cikin injin, ka naɗe a hankici, ka ce, "Zan gwada. Kada dai ka sa rai."

Wata biyu ina jin nauyin tambayarka. Har na zarge ka a raina cewa ka manta. Wannan ma na rubuta shi, Allah Ya yafe mini.

Jiya da na je gaisuwa, maiɗakinka ta miƙo mini ambulan. Ta ce, "Ya ce na Malam Gobe ne. Ko a kan gado yana ta faɗin bai gama ba." Filashi ne a ciki, ɗan abin nan na adana fayil. Wasiƙa arba'in da ɗaya ka ciro. Littafina ya ce sittin da uku ta aiko. Ta ƙarshe ta yanke a tsakiyar layi. Sauran sun tafi, kuma na san laifin wa ne.

Na kwafe su wuri uku kafin in zauna rubuta wannan. Ban jira gobe ba, sai dai ba ka nan balle ka gani.

Allah Ya jiƙanka, Injiniya, Ya yalwata kabarinka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, da 'ya'yanka uku, da mahaifiyarka. Allah Ya ba su haƙuri, Ya tsare maka abin da ka bari kamar yadda ka tsare mini nawa. Amin.