Kwana uku ina tofi a zamzam

Ni ban yi karatu ba. Aikina karɓar haihuwa ne a nan unguwar Jarwal ta Makka, tun kafin otal-otal su cinye tsofaffin gidajenmu. Jikata ce ke rubuta wannan da bakina, kuma a kanta abin ya faru.

Wata Alhamis ta dawo daga jami'a a Jidda. Na buɗe jakarta zan fitar da kayan wanki, sai ga takardu biyu, kowace da hoton mace riƙe da jariri, an zagaye kawunansu da haske. Ban taɓa ganin coci ba, amma na san na Kiristoci ne. Yarinyar da na yanke wa cibiya, uwarta ta rasu ta bar mini amana, a ce imani ya kuɓuce mata muna jin kiran sallar Harami ta taga?

Ban gaya wa ubanta ba. Na san zafinsa, a ranar zai raba ta da makaranta. Sai na kama tofi a ruwan zamzam ina ba ta, safe da yamma.

Rana ta uku ta ajiye kofin. "Ya sitti, kakata, cikina ya zama rijiya. Me na yi miki?"

Na shimfiɗa takardun a gabanta.

Ta yi dariya har da hawaye. "Jarrabawa ce, tsohuwa, ta tarihin zane. Masu zanen Italiya ne, wai uwar Annabin nan da aka haifa ba uba. Wa ya ga fuskarta? Wannan ya girmi wancan, an ce mu faɗi abin da ya sauya. Wallahi sati guda ina kallo, ban san ta ina zan fara ba."

Sai a lokacin na dube su da kyau. Na farko bayansa zinariya ce zalla, ba ƙasa ba sama. Jaririn kuwa dattijo ne aka ƙanƙantar, zaune ƙiƙam, har da sanƙo.

Na ce, "Wanda ya zana wannan bai taɓa ɗaukar jinjiri ba."

A na biyun akwai taga, akwai tsauni can nesa, inuwa ta kwanta a mayafin uwar. Yaro da kumatunsa yana jan gefen mayafin, tafin hannunta a ƙeyarsa.

Na ce, "Mai zanen wannan kam ya zauna a ɗakin mai jego. Dubi yadda ta tallafe wuyan."

Ta warci biro. "Sake faɗi a hankali, malama."

Na sake faɗi. Ina kallonta tana rubutu da harshe a waje, kamar lokacin da take koyon Fatiha a cinyata. Aka kira la'asar, ta riga ni tashi alwala. Wani nauyi ya sauka daga ƙirjina.

Sharaɗi ɗaya na kafa: takardun ba za su kwana a ɗakin da nake salla ba. Ta kai su bayan firji.

Sauran zamzam ɗin ni na shanye.