Goggo Mai Awo da harafi na talatin da uku

Ƙarfe bakwai da rabi take shigowa ofis, ta rataye gyalenta a bayan kujera, ta fiƙe fensir, sannan ta kunna kwamfuta. Shekara ashirin da uku kenan tana haka, kuma ranar Alhamis ɗin nan za ta ajiye aiki. Mu a ofis Goggo Mai Awo muke ce mata.

Aikinta ba ya fitowa a allo. Ita ke kula da laburare, wato tarin ƙananan umarni da duk manhajojin asibiti da muke rubutawa suke hawa a kai. A cikin kwamfuta kowane bayani da gurbinsa, kamar kwanuka a jere. In ka zuba abin da ya fi ƙarfin kwano, sai ya malala cikin na kusa da shi ya ɓata. Goggo ta bi gurabun nan ɗaya bayan ɗaya, sama da dubu huɗu, ta ƙirga da fensirinta, ta rubuta wa kowanne alamar iya abin da yake ɗauka. Da alamar ce kwamfaila, manhajar da ke harhaɗa rubutunmu, take kama mu tun kafin aiki ya fita.

Ni ta taɓa kamawa, shi ya sa nake da bakin magana. Ana gobe za mu aika sabon aiki, kwamfaila ta ƙi karɓar nawa, wai gurbin sunan maras lafiya zai cika ya zube. Na ƙirga: gurbi yana ɗaukar harafi talatin da biyu, suna mafi tsawo ma harafi talatin da biyu ne. To ina matsalar? Raina ya ɓaci, na kai hannu zan goge alamar Goggo don a yi mini shiru. Ashe tana bayana da kofin shayinta.

Ta ce, "Ɗana, me alamata ta yi maka?"

Na ce, "Goggo, ƙarya take yi mini."

"Sifilin da ake rufe suna da shi fa, a aljihunka za ka sa shi?"

Wallahi na manta da shi sam, sifilin da kwamfuta ke ƙarawa a ƙarshen kowane suna don ta san inda ya tsaya. Harafi na talatin da uku kenan, ba shi da wurin zama. Ta nuna mini gurbin da ke maƙwabtaka da fensir: shi ne mai cewa jikin mutum ba ya karɓar maganin penisilin. Duk mai dogon suna, sifilin zai faɗa can ya share gargaɗin.

Ta ce, "'Yarka ba ta cikin waɗanda jikinsu ba ya karɓarsa?"

Tana ciki. Kunya ta rufe ni. Goggo ba ta kai ni ƙara ba, sai dai har yau in na yi mata gardama takan miƙo mini fensir, ofis ya kwashe da dariya.

Goggo, ke ce kika yi aikin da in ya yi kyau babu wanda zai san an yi. Ke ce mai haƙurin ƙirge, wadda ba ta taɓa cewa "ai zai isa" ba. Mun gode, Allah Ya ba ki lafiyar cin hutunki. Mu kuma 'yan baya, in kwamfaila ta yi ƙorafi, mu ɗauki fensir mu sake ƙirgawa, kada mu toshe mata baki.

Watan jiya na kai 'yata asibiti da ciwon kunne. Nas ta buga sunanta, ta dubi allo, ta ajiye maganin da ta ɗauko.

Ta ce, "Ashe ba ta shan penisilin. Bari in sauya mata."

Nas ɗin ba ta san ki ba, Goggo. Ni na san ki.