Ajimi Mai Waya da Jar Fitilar Turmi

Duk wanda ya taɓa kai mota gyara bayan tashar Magariya ya san Ajimi Mai Waya. Shi ne gajeren nan mai faɗin ƙirji da ke miƙa hannu ƙasa-ƙasa in za a gaisa, kamar mai ba da goro a ɓoye. Baƙo sai ya ɗauka girman kai ne. Ba girman kai ba ne, hannun ne ba ya ɗaguwa ya wuce kafaɗa.

A Kwaya aka haife shi, gidan manoman gero da gyaɗa. An sa shi lakkwal, makarantar boko, ya yi 'yan shekaru yana kayar da yara a bayan aji, har mushe, malamin ajin, ya gaji ya ce wa ubansa yaron nan kansa ba ya ɗaukar karatu, amma ƙugunsa na ɗaukar mutum. Daga nan kokowa ta zama sana'a. In an gama kaka ba kasuwar da Ajimi ba ya zuwa, daga Yekuwa har Dungas, kuma bayansa bai san launin ƙasa ba.

Sai ranar kasuwar Guci, da aka haɗa shi da Zubairu Turmi. Turmi ƙato ne, wuyansa da kansa faɗi ɗaya. An yi ta fama, ƙafar Ajimi ta zame a kan yashi, hannunsa ya dafa ƙasa. Kaye ya tabbata, alƙali ya busa usur. Mai mutunci a nan yake sakin mutum. Turmi kuwa ya sure shi sama, ya juya da shi don kowa ya gani, ya maka shi a kan kafaɗa, sannan ya zauna a bayansa yana gyara guru. Makaɗinsa, wani siriri mai suna Habu, nan take ya ƙaga waƙa a kan kujerar da aka kawo wa Turmi daga Kwaya. Har yau 'yan mata na yin ta wurin daka.

Maɗori ya ɗora kafaɗar a karkace. Kokowa ta ƙare. Ajimi ya tafi Damagaram ya koyi aikin wayar mota, don sana'a ce da ake yi a kwance ƙarƙashin tabulo, allon fitilun gaban direba, ba ta son a ɗaga hannu sama. Ya dawo ya kafa rumfa, ya yi aure, ya yi 'ya'ya, ya yi suna. Mutane suka ce ya manta. Yero mai shayi, Bafillatanin da teburinsa ke jikin rumfar, shi kaɗai ya san ƙarya ne, don duk ranar da aka ambaci Turmi a rediyo sai Ajimi ya bar shayinsa ya huce.

"Babarbare da riƙo," in ji Yero. "Ku ko kaza ta taka ku sai kun bar wa jika wasiyya."

"Zuba shayi, bawana. Ni ban ce komai ba."

Ana nan, wani ɗan kasuwa mai son kokowa ya ba Turmi kyautar mota. Tsohuwar motar tsere ce ja, mai ƙofa biyu, cikinta kusan yana jan ƙasa. Turawa sun gama cin ƙuruciyarta kafin ta ga Kwatano. A hanyar Guci amalanken jaki ya fi ta sauri, don kowane tudun yashi sai an sauka an tura. Amma in ta yi gurnani a bakin fage, har tsofaffi miƙewa suke.

Wata hantsi sai ga jar mota ta tsaya gaban rumfar Ajimi. Turmi ya fito da ƙyar, kamar ana zare shi daga tulu.

"Mai Waya, kwana da yawa."

"Turmi. Ashe kana gane ni ta gaba. Na ɗauka bayana kawai ka sani."

Turmi ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce abin da ya wuce ya wuce, wasa ne na ƙuruciya. Sannan ya rage murya, ya ja Ajimi ya nuna masa tabulo. Da ya murɗa makullin kwantak fitilu suka kama suka mutu, sai guda ɗaya ja ta ƙi mutuwa.

"Dubi hoton da kyau," in ji Turmi. "Mutum ne zaune a ƙasa, an ɗaure shi da igiya, ga dutse an ɗora masa a ƙirji. Ranar da zan yi kokowa a nan Magariya ta fara kamawa, kuma ranar da ƙyar na tsira da kunnen doki. Na kai ta garaji biyu. Ɗaya ya ce zai cire ƙwan, ɗaya ya ce zai liƙe ta da baƙar roba. In an toshe mata baki, abin da take faɗa ya fasa zuwa ne? Ka gaya mini gaskiya, jifa ne?"

Ajimi ya san fitilar jakar iska ce, jakar nan da ke cikin bolan, wato sitiyari, wadda ke kumbura ta tare ƙirjin direba in an yi karo. Igiyar hoton bel ɗin kujera ce, dutsen kuma jakar. Amma bai gaya masa ba. Ya juya bolan dama da hagu yana kallon fitilar, ko ƙyaftawa ba ta yi ba, ya san ba wayar cikin bolan ba ce. Ya cire kan batir, ya sha shayi don kuran, wato wutar lantarkin, ya gama fita, domin waya mai ruwan ɗorawa ba a taɓa ta da gaggawa, jakar na iya tashi ta gyara wa mutum hanci. Ya duba fisibil, wato fis, lafiya lau. Sannan ya kwanta ya leƙa ƙarƙashin kujerar direba.

Akwai ɓawon gyaɗa, akwai yashi, akwai wani ƙahon magani naɗe da jan ƙyalle. A bayansu ga mahaɗin waya mai ruwan ɗorawa, kunnen da ke riƙe shi ya karye, ya zare rabi.

"Wa ke shiga baya?" Ajimi ya tambaya daga ƙasa.

"Ba kowa. Wurin ko akuya ba ta sakewa. Sai ranar wasa nake sa Habu da gangarsa, don mu shiga fage da kiɗa."

Ajimi ya ƙara cusa kai ƙarƙashin kujera, don kada a ga haƙoransa. Mota mai ƙofa biyu, kafin mutum ya shiga baya sai an tura kujera gaba, sannan Turmi ya banko ta baya da ƙarfin da Allah ya ba shi. Kowace bankowa tana jan wayar. Wato fitilar ba ta da ranar kamawa sai ranar kokowa.

Gyaran bai wuce a tura mahaɗin a ɗaure shi da robar taya ba. Ajimi ya tura shi da ɗan yatsa, a hankali, daidai yadda zai taɓa, ya bar robar a aljihu. Ya mayar da batir. Fitila ta kama ta mutu.

"Na kashe ta," ya ce yana kakkaɓe riga. "Abin da yake na waya na yi. In ta sake kamawa a ranar da ba ka so, to wannan ka fi ni sanin masu aikin."

Da motar ta tafi Yero ya dube shi. "Wannan fuskar taka ta wanda ya ci naman mutane ce."

"Yaushe ne kokowar Dungas?"

"Bayan an gama ɗaurin gero. Me ya sa?"

"Ka nemi mai tsare maka tebur."

Ranar suka hau kabu-kabu suka tafi. La'asar ta yi, fage ya cika, yara a kan bishiya, mata da tallan ƙosai. Wanda za a haɗa da Turmi wani matashi ne daga Yekuwa, Mahdi, dogo mara nama, wanda ko mutanen garinsu addu'ar kada a karya shi kawai suke yi.

Jar mota ta iso da gurnani, kiɗa na fita ta taga. Ta tsaya. Kiɗan ya tsaya. Ƙofa ba ta buɗe ba. Ajimi, da ya sami wuri a gaba, yana hango Turmi ya ƙura wa tabulo ido, yana kashe kwantak yana kunnawa, yana kashewa yana kunnawa. Sai da alƙali ya aika aka ƙwanƙwasa gilashi.

Turmin da ya fito ba shi ne na kullum ba. Ya ƙara guru a kan guru har ƙugunsa ya ƙi lanƙwasa. Ya sha rubutu, ya yi wanka da saura. Yana kewaya fage yana duban fuskokin mutane, yana neman mai jifa. Da aka busa usur ya ƙi shiga jiki, yana ja da baya, shi da ya saba ture mutum kamar bijimi. Mahdi ya ga ƙato na tsoro, ya rasa dalili, amma bai tsaya tambaya ba. Ya nutsa ya kama ƙafa ɗaya, ya ɗaga, ya tura. Turmi ya zauna daɓas a kan yashi, ƙafafu a miƙe, hannuwa a cinya.

Fage ya ɗauki ihu. Ajimi bai yi ihu ba. Ya tsaya yana kallo har sai da ya tabbata ya haddace yadda yashi ya manne a wandon.

Wani zai ce ai ya isa. Ajimi bai ga ya isa ba. Mutumin da ya ɗauka aljanu ne suka kayar da shi yana da sauran abin taƙama.

Bayan 'yan kwanaki Turmi ya dawo rumfa, ido ya faɗa. Ya ce a nemo masa mai saye, ko a banka mata wuta, motar an yi mata aiki. Lokacin teburin Yero cike yake da direbobin tasha. Ajimi ya ce su matso su taya shi gani.

Ya kwanta ya tura mahaɗin, fitila ta mutu. "Turmi, tura kujerarka gaba, kamar za ka sa Habu." Ya tura. "To banko ta baya." Ya banko. Fitila ta kama. Ajimi ya sake turawa, ya sa shi ya sake bankowa, ta sake kamawa. Sannan ya cire batir, ya zaro mahaɗin ya ɗaga shi iyakar inda hannunsa ke kaiwa. Bai fi ƙwayar dabino ba.

"Ga wanda ya kayar da kai. Ku gaisa."

Wani direba ya fesar da shayi. Ajimi ya ciro robar taya, ya ɗaure mahaɗin tam, ya mayar da batir, ya ce a banki kujerar har gobe. Fitila ba ta ƙara kamawa ba.

Turmi ya daɗe yana kallonsa. "Tun ranar farko ka sani."

"Tun kafin shayina ya huce."

Ƙaton ya matso, wuyansa ya kumbura. Ajimi bai ja da baya ba, ya juya masa kafaɗar hagu. "Ga mai lafiyar. Amma yau ba usur, kuma ga shaidu."

Turmi ya dubi direbobi. Mutanen da kafin magariba za su kai labari Guci, su kai Dungas, su tsallaka da shi iyaka. Ya cusa kansa cikin jar mota, ta mutu masa sau biyu kafin ta tashi, ya tafi ba gurnani.

Yero ya miƙo kofi. "To Babarbare, zuciya ta yi sanyi? Yau za ka sha shi da zafi?"

Ajimi ya kurɓa, ya lumshe ido.

"Habu makaɗi," ya ce. "Na ji an ce ya sayi babur. Babur kuma waya gare shi."